Inda Babban Yatsa Yake Zama

A wata makarantar firamare ta ƙauye, cikin gundumar Hawandawaki da ke kudu da Tasawa, an taɓa yin wani malami mai gita. Mutanen gari ba su damu da sunansa ba, Mushe kawai suke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda gwamnati ta turo da alli a hannu. A kasuwar Maraɗi ya sayi gitar da abin da ya rage na albashinsa na farko, mai tsirkiyar ƙarfe shida, wadda zafi ya riga ya ɗan gantsare wa wuya. Tare da ita yana da wani littafin koyon kiɗa na Faransanci, kwafe ne na kwafe, wanda wani abokin karatu ya ba shi a Yamai. A shafin farko akwai zanen hannu guda biyu. A na ɗaya babban yatsa ya ɓuya a bayan wuyan gita, sauran yatsu huɗu sun lanƙwaso ta gaba kamar ƙafafun gizo. A na biyu babban yatsa ya leƙo ta saman wuyan, an kuma soke shi da baƙar tawada. Mushe ya karɓi wannan sokewa kamar yadda ya karɓi ƙa'idojin nahawun Faransanci, wato abin da ake haddacewa ba a tambayar dalilinsa.

Alhali kuwa dokar tana da dalili, mai ƙarfi ma. Gitar da aka rubuta littafin dominta ita ce ta ƙasar Sifen, wadda masassaƙi Antonio de Torres (1817–1892) ya daidaita girmanta, Francisco Tárrega (1852–1909) da Andrés Segovia (1893–1987) suka ɗaukaka kiɗanta. Wuyanta yana da faɗi, kimanin milimita 52 daga wajen kai, fuskarsa shimfiɗaɗɗiya ce, tsirkiyarta kuma mai taushi, da can ta hanjin dabba, daga baya ta nailan. Mai kaɗa ta yakan zauna, ya ɗora ƙafar hagu a kan ɗan abin taki, ya kwantar da gitar bisa cinyarsa har wuyanta ya ɗaga sama. Da wannan zama hannun hagu ya huta da ɗaukar kaya. Sai babban yatsa ya koma tsakiyar bayan wuya, daura da dogon yatsa, tafin hannu bai taɓa katako ba, yatsu huɗu su baje a kan gidaje huɗu, kowanne ya sauka da kansa a kan tsirkiyarsa ba tare da ya goga ta kusa da ita ba. Kiɗan da ake yi da wannan riƙo kiɗa ne na muryoyi biyu ko uku da ke tafiya tare, kowace da hanyarta, kuma idan yatsa ɗaya ya kwanta sai ya shaƙe muryar maƙwabcinsa. Duk wanda ke son wannan kiɗa dole ya ɓoye babban yatsansa. Littafin bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne ga wace gita da wane kiɗa yake magana, domin marubucinsa bai zaci zai kai Hawandawaki ba.

A cikin ƴan ajin ƙarshe na wata shekara, wajajen 2012, akwai wani yaro marar yawan magana wanda kullum bayan an tashi yakan tsaya a bakin ɗakin Mushe yana sauraro. Jikan wani tsoho ne mai gurmi, wanda a zamanin ƙarfinsa ya bi ƴan kokawa kasuwa-kasuwa, daga ƙasar Tasawa har Mayahi, wani lokaci ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar Daura. Ran nan Mushe ya miƙa wa yaron gitar don ya ga abin da zai yi. Yaron bai nemi kujera ba. Ya tsuguna, ya kwantar da wuyan gitar a lungun da ke tsakanin babban yatsa da manuni, babban yatsan ya rataya ta sama, ya lalubi tsirkiya biyu na ƙasa, kafin a ce me ya fitar da wani taken ƴan kokawa da duk garin ya sani. Ba a gita ya koye shi ba, a gurmin kakansa ya sata, idan tsohon ya tafi masallaci.

Mushe ya ji daɗi ƙwarai, kuma jin daɗin nan ne ya jawo ɓarnar. Ya ce a ransa wannan yaro yana da baiwa, ba zai bari ta lalace da mugun riƙo ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya zaunar da shi a kan benci, ya buɗe masa shafin farko, ya ɗauko rula. Duk sa'ad da babban yatsa ya leƙo sai rula ta sauka a kansa, a hankali dai, ba dukan mugunta ba. Sati uku ana haka. Yatsan ya koyi ɓuya. Sai dai tare da shi taken ma ya ɓuya: sautin ya zama busasshe, yana fita ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kuɗi, wuyan gitar kuma yana ta sunkuyawa ƙasa don babu abin da ya tallafe shi, yaron yana ɗaga kafaɗa yana cije leɓe. A sati na huɗu bai tsaya a bakin ƙofa ba. Yana zuwa aji, yana amsa tambaya, amma da an kaɗa ƙararrawa sai ya bi sawun ƴan'uwansa.

A nan akwai wata magana da Mushe bai yarda ya faɗa wa kansa ba sai bayan shekaru. Shi ɗan malamin allo ne. A gidansu kiɗa sana'ar maroƙa ce, mai yin ta ana ba shi kyauta amma ba a ba shi ɗiya. Lokacin da ya sayi gita ya lallashi zuciyarsa da cewa wannan daban take, ta ƴan boko ce, tana da littafi, ana karanta ta kamar lissafi. Riƙon da ke cikin littafin shi ne shaidarsa. Da ya ga hannun yaron ya rungumi wuyan gitar kamar sandar gurmi, abin da ya gani shi ne roƙo yana shigo masa ɗaki, kuma rular da ya ɗauka ba don gyaran sauti kaɗai ba ce. Malamai da yawa sun san irin wannan gyara, wanda rabinsa ilmi ne, rabinsa kuwa kunyar inda yaro ya fito.

Wata Laraba da la'asar ya tafi gidan tsohon, da littafin a hammata, da nufin ya roƙe shi ya sa baki yaron ya dawo. Ya same shi a zaure yana tufkar igiya.

“Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba.”

“Alaikumus salamu. A'a, Mushe ne da kansa? Marhabin. Wanga miji na kakarsa ya yi laifi ke nan.”

Bayan an gaisa Mushe ya buɗe shafin farko, ya yi bayani tiryan-tiryan. Tsohon ya daɗe yana duban zanen, ya juya littafin sama da ƙasa, sannan ya ce: “Mai littafin nan naka, a tsaye shike kiɗa ko a zaune?”

“A zaune, Baba. Har da abin ɗora ƙafa.”

“To, shi ya sa. Mu a tsaye muka ci abinci.”

Ya sa aka ɗauko gurmin daga jikin bango. Ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, aka soke shi da sanda kewayayya, sumul, babu ƙarfe ko ɗaya a jikinta. Ya miƙa wa Mushe ya ce ya riƙe shi irin riƙon littafi. Mushe ya dafa bayan sandar da cikin babban yatsa, ya danna tsirkiya, sai sandar ta murgina ta sulluɓe. Ya sake, ta sake sulluɓewa. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce abu kewayayye ba shi da baya, balle a ɓuya a bayansa. Makaɗin gurmi yana tafe yana kiɗa, yana bin ɗan kokawa cikin fage, yana durƙusawa gaban mai kyauta yana miƙewa, hannun da ke danna tsirkiya shi ne kuma ke ɗauke da sandar. In bai kwantar da ita a lungun hannu ba, babban yatsa ya tsare ta, to a ƙasa zai tsince ta. Sannan ya nuna masa abu na biyu: yatsunsa ba su sauka da kai kamar na cikin zane, kwanciya suke yi, su buga tsirkiya su fizge ta, su zame gaba su dawo, hannun dama ya kaɗa sau ɗaya na hagu ya fitar da sauti uku. Wannan bugu da fizga daga juyin wuyan hannu suke samun ƙarfi, juyin kuwa sai da madogara, madogarar ita ce babban yatsa.

Da Mushe ya koma gida a daren nan ya ɗauki rular da ya yi horo da ita ya auna wuyan gitarsa. Milimita 43. Shekara da shekaru yana bin dokar gita mai faɗin wuya da tsirkiya mai taushi a kan gita mai siririn wuya da tsirkiyar ƙarfe, yana kuma kaɗa ta a kan tabarma, wuyanta a kwance. Wanda ya ajiye babban yatsa a tsakiyar baya alhali wuyan gita yana ƙasa, tilas ya karya wuyan hannunsa ya turo shi gaba kafin yatsu su kai, jijiyoyin yatsu kuwa ta nan suke bi. Ciwon da ya daɗe yana ji daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, wanda yake ɗora wa rubutun allo, a ranar ya san mafarinsa. Ya ɗauki rabin doka ya bar rabi: ya ɓoye yatsa, bai ɗaga wuyan gita ba.

Sauran labarin ya same shi ne a hankali, bayan da intanet ta iso wayoyin hannu. Ashe ko a Turai ba a taru a kan magana ɗaya ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin da wuyan gita bai kai faɗin na yanzu ba, Mauro Giuliani, wanda ya yi suna a birnin Viyana, yakan sa alama a rubutun kiɗansa inda yake son a danna tsirkiya ta shida da babban yatsa. Fernando Sor kuwa, a littafinsa na koyarwa da ya fito a Paris a 1830, ya ƙi wannan ɗabi'a. Ra'ayin Sor ne ya yi rinjaye a makarantu, gitar ma ta ƙara faɗi har yatsan ya daina kaiwa, daga nan abin da yake zaɓi ya zama farilla. A Amurka kuwa, inda baƙar fata suka ɗauki gita mai tsirkiyar ƙarfe, yatsan bai taɓa ɓuya ba. Jimi Hendrix, bahagon da ya rasu a 1970, da babban yatsa yake danna sautin ƙasa, ya bar sauran yatsu suna yawo a sama, ya zama kamar mutum biyu ke kiɗa. Da shi kuma yake toshe bakin tsirkiyar da ba ya son ta yi ƙara, abin da ya zama dole a gitar lantarki, wadda ko iska ta taɓa sai ta yi magana. Uwa uba tura tsirkiya: a danna ta, a tura ta gefe har muryarta ta hau sama kamar kuka. Yatsa kaɗai ba ya iya tura ƙarfe haka. Sai an rataya babban yatsa a saman wuya, a murɗa hannu kamar mai buɗe kwaɗo da makulli.

Amma ba sai an je Amurka ba. Kiɗan da ke cikin katin wayar kowane saurayi a kasuwar Hawandawaki a shekarun nan na Agadas ne. Tun zamanin da kaset ɗin Abdallah Oumbadougou ke yawo a ɓoye lokacin tawaye, kafin sulhun 24 ga Afrilu 1995, har zuwa Bombino da Mdou Moctar, gitar Abzinawa a kan tsari ɗaya take tafiya: tsirkiyar ƙasa a sake tana gurnani ba ta sauyawa, waƙar tana gudana a kan na sama da bugu da fizga, hannu ya rungumi wuya, babban yatsa sau da yawa a waje. Tsarin molo ne da ƴan'uwansa aka ɗora wa gita. Mdou Moctar, shi ma bahago, gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke, ba littafi ba malami. A Mali ma Ali Farka Touré (1939–2006) da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, sai a 1956 da ya ga Keita Fodeba na Gine yana kaɗa gita ya ƙudura zai mayar da abin da hannunsa ya sani a kanta. Da an samu mai rula a kansa a shekarar, Allah kaɗai ya san abin da duniya za ta rasa. Wanda ya fi tsaya wa Mushe a rai shi ne Malam Maman Barka, mutumin Tesker, domin shi ma malamin makaranta ne, kuma gurmi ya riƙa a fili ba kunya har ƙasa duka ta san shi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban tsoho Boukar Tar don ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ke gab da ɓacewa, ya yi ta yawo da shi ƙasashe har rasuwarsa a 2018. Malamin boko ne ya je ya zama almajirin tsoho, bai ce tsohon ya gyara riƙo ba.

Yaron ya dawo, kakansa ne ya turo shi. Mushe ya jefa rula cikin akwati, kuma saura kaɗan ya jefa littafin ma. Da ya yi haka da ya sake yin wani kuskuren, domin akwai malaman da idan suka gane sun ƙuntata wa yaro sai su sake shi gaba ɗaya, su kira sakacin nasu girmama al'ada. Ba a yi wata biyu ba riƙon gurmi ya nuna iyakarsa. Ana shirin bikin ƙarshen shekara, ƴan mata za su rera waƙar maraba, ana son gita ta raka su da haɗaɗɗen sauti. A ciki akwai wurin da sai an gitta manuni a kan tsirkiya shida duka a gida na farko. Yaron ya gwada da rungumammen hannu, abin ya ƙi: manuni ba ya miƙewa matuƙar babban yatsa yana sama, ƙaramin yatsa kuma, wanda gurmi bai taɓa ba aiki ba, ya nannaɗe kamar ba nasa ba. Ya gwada danna ta shida da babban yatsa irin na Hendrix, hannun ɗan shekara goma sha uku bai kai ba. Da kansa, ba wanda ya taɓa shi, ya sauke yatsan zuwa baya, ya ɗaga wuyan gitar bisa gwiwa, sautin ya fito. Ya ɗago ya dubi Mushe, Mushe ya yi kamar yana gyara alli.

Tun daga ranar darasin ya sauya. Maimakon a ce ga inda yatsa yake zama, sai a tambayi abin da za a kaɗa, idan kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya. Wurin buɗe yatsu da gitta manuni, yatsa ya koma baya. Wurin take da tura tsirkiya, ya hau sama. Abu ɗaya ne kawai Mushe bai sassauta a kansa ba, shi ne matsa. Ko a baya ko a sama, wanda ya shaƙe wuyan gita kamar mai riƙon akuya ranar kasuwa, hannunsa zai gaji kafin waƙa ta kai rabi. Yakan sa yaron ya danna tsirkiya, ya yi ta sassautawa har sai ta fara zuza, sannan ya ƙara ɗan kaɗan: iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan. Malaman da suka koyar a makarantun gwaji masu harshe biyu, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, za su gane wannan hanya, domin gardamar ɗaya ce: ko a fara da abin da yaro ya zo da shi daga gida a ɗora masa sabo, ko a kankare shi tukuna a ce za a rubuta a kan farin allo.

Ranar bikin tsohon ya ƙi shiga farfajiyar makaranta. Ya ce shi bai taɓa shiga lakwal ba, ba kuwa zai fara da furfura ba. Ya tsaya a bayan darni, ya dogara da sandarsa, ya saurari waƙar ƴan mata har ƙarshe bai ce komai ba. Da jama'a suka watse ya aika a kira masa jikan da gitar. Ya karɓe ta, ya jinjina nauyinta, ya kwantar da wuyanta a lungun hannunsa, ya zame yatsa a kan tsirkiya ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ya ɓata fuska.

“Mushe, waɗanga ƙarafa sun tare hanya. Akwai wata murya tsakanin wannan da wannan, a nan taken yake kuka. Sun cinye ta.”

Gaskiya ya faɗa. Ƙarafan da aka gitta a wuyan gita sun yanka sauti gida-gida bisa ma'aunin Turai, sandar gurmi kuwa ba ta da shinge, yatsa yana tsayawa inda kunne ya ce ya tsaya. Mushe ya buɗe baki zai yi bayani, sai yaron ya karɓi gitar. Ya tsuguna, ya rataya babban yatsa a sama, ya danna gidan da ke ƙasa da muryar da ake nema, ya murɗa hannu kaɗan, tsirkiyar ta tafi gefe, sautin ya ɗaga bai kai gida na gaba ba, ya tsaya a tsakani.

Tsohon ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya.

“Ka wuce ta da kaɗan,” in ji shi. “Sake.”